BABI NA UKU: TARIHIN WASHIN ASKA A SANA'AR WANZANCI A KUDANCIN KANO

3.0 Gabatarwa

Masu nazarin sana'o'in gargajiya na Hausawa sun fi mayar da hankali ga abin da wanzami yake yi da aska, wato aski da kaciya da tsagar ƙaho da zane da makamantansu. Ba safai ake tsayawa a dubi abin da yake yi wa askar ita kanta kafin ta taɓa jikin mutum ba. Alhali kuwa duk waɗannan ayyuka sun dogara ne ga kaifin aska, shi kuma kaifi ba ya samuwa sai da washi. Saboda haka wannan babi zai bi tarihin washin aska a ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda ke kudancin Jihar Kano. Za a duba matakai uku da sana'ar ta ratsa, wato zamanin ƙarfen tama da dutsen gida, da zamanin ƙarfen Turai da dutsen kanti, sannan zamanin reza. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, shigowar dutsen kanti ba ta raunana ilimin washi ba, sauƙaƙa shi ta yi. Abin da ya raba wanzami da dutse shi ne reza, tare da dalilan kiwon lafiya da suka mara mata baya.

3.1 Ma'anar Washi da Kayan Aikinsa

Washi shi ne goga bakin ƙarfe a jikin wani abu da ya fi shi tauri, domin a cinye ɓangarorin bakin guda biyu har su haɗu a wuri siriri. Idan suka haɗu, sai a ce aska ta yi kaifi. Idan bakin ya lanƙwashe ko ya yi faɗi saboda aiki, sai a ce ta dakushe. Idan kuwa wani yanki ya ɓalle daga bakin, an samu giɓi ke nan, wanda shi ne ke kartar fata ya fitar da jini.

Wanzami yana ajiye kayan aikinsa ne a cikin zabira, wato jakar fata mai aljihuna da yake ratayawa a kafaɗa. Daga cikin kayan akwai asake iri-iri, da ƙaho, da almakashi, da matsefata, da ɗan dutsen washi. Askar aski daban take da ta kaciya, haka kuma 'yar askar tsaga ta fi su ƙanƙanta. Kowace da irin kaifin da ake nema a gare ta.

Washin aska yana da hawa uku. Na farko shi ne gyaran baki, inda ake cire giɓi a kan dutse mai kaushi. Na biyu shi ne fitar da kaifi a kan dutse mai laushi wanda aka jiƙa da ruwa. Na uku shi ne goga askar a jikin fata ko a tafin hannu. Wannan hawa na ƙarshe ba ya cin ƙarfe sosai. Amfaninsa shi ne miƙar da ɗan siririn ƙarfen da ke lanƙwashewa a bakin aska bayan ta bar dutse. Shi ya sa ake ganin wanzami yana kaɗa aska a tafinsa a tsakiyar aski ba tare da ya koma ga dutse ba.

3.2 Yanayin Ƙasar da Duwatsunta

Kafin a fahimci irin dutsen da wanzaman wannan yanki suka gada, ya kamata a san irin ƙasar da suke zaune a kai. Kudancin Kano ya bambanta da arewacinta, inda rairayi ya rufe ƙasa. Idan aka bar hanyar Zariya a Kwanar Ɗangora aka nufi Tudun Wada, aka ratsa Dajin Falgore zuwa Doguwa, ƙasa tana ƙara tudu, duwatsu suna ƙara yawa, ruwan sama kuma yana ƙara ƙarfi. A ƙarshen kudu akwai tsaunukan Riruwai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa, waɗanda suka yi suna wajen haƙar kuza tun kafin zuwan Turawa. Kogin Kano yana gangarowa daga wannan shiyya, ya ratsa Falgore, ya zuba a Madatsar Ruwa ta Tiga da ke Ƙaramar Hukumar Bebeji, wadda aka kammala a shekarar 1974.

Yawancin duwatsun yankin suna ɗauke da ƙwayoyin wani farin ma'adini mai ƙyalli da masana ke kira kwats. A ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya tsara a shekarar 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, kwats yana kan mataki na 7, ƙarfen aska kuwa bai kai nan ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa dutse yake cin ƙarfe. To amma tauri kaɗai bai isa ba. Dutsen giranit irin na Riruwai ƙwayoyinsa manya ne, saboda haka ya dace da gatari da fartanya da lauje, amma idan aka ɗora masa aska sai ya bar mata zane mai zurfi a baki. Abin da wanzami yake nema shi ne dutse mai ƙananan ƙwayoyi, mai santsin fuska, irin wanda ruwa ya daɗe yana gogewa a cikin rafi. Samun irin wannan dutse sa'a ce, don haka idan aka dace da shi ba a wasa da shi. Yakan daɗe a gida ɗaya har tsakiyarsa ta yi kwarmi saboda yawan aiki, ɗa ya gaje shi tare da zabirar ubansa.

3.3 Zamanin Ƙarfen Tama

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar Kano. Binciken masu tonon kayan tarihi ya nuna cewa ana narkar da tama a gindin Dutsen Dala tun wajajen ƙarni na 7 na Miladiyya, haka kuma tarihin baka ya danganta zaman farko na wurin da maƙera da suka zo daga Gaya neman tama. A wancan zamani, askar wanzami daga wannan ƙarfe take fitowa. Ana narkar da tama da gawayi, musamman na itacen ƙirya, a sami dunƙulen ƙarfe, maƙeri ya yi ta dukansa a kan uwar maƙera har dattin ya fita, sannan ya fitar da siffar aska.

Ƙarfen da aka samu ta wannan hanya ba ya zama bai ɗaya. Wani sashe nasa yakan ɗauki sinadarin kabon daga gawayi ya yi tauri, wani sashe kuma ya zauna da taushi. Ƙarfe mai taushi yana da sauƙin washi, domin dutsen gida yana cin sa nan da nan, amma kuma ba ya riƙe kaifi. Sakamakon haka shi ne, wanzamin wancan lokaci ba ya rabuwa da dutse. Yana wasa aska kafin ya fita, yana wasa ta tsakanin kai da kai, yana kuma shafa mata mai da damina don gudun tsatsa.

Wannan ne ya sa washi yake cikin abubuwan farko da ɗan koyo yake farawa da su. Yaron gidan wanzamai yakan fara da ɗaukar zabira da ɗebo ruwa da kallon hannun ubansa a kan dutse, tun kafin a yarda ya taɓa kan mutum. Askar da maƙeri ke ƙerawa ba ta da wani ma'auni da zai nuna wa mai washi iyakar yadda zai kwantar da ita. Hannu ne kawai yake sanin haka. Idan aka ɗaga ta da yawa baki zai yi kauri, idan aka kwantar da ita da yawa baki zai yi siriri ya riƙa karyewa.

Muhimmancin wannan ilimi ya wuce kwalliya. Ranar suna, wanzami yana aske kan jariri ɗan kwana 7, wanda fatarsa ba ta jure kuskure. Haka nan wajen kaciya, yanka ɗaya ake so, domin aska mai kaifi tana rage wahala, raunin da ta yi kuma ya fi saurin haɗewa. A ƙauye, inda kowane gida yake da wanzaminsa da yake saka wa da hatsi lokacin kaka da kuma kason naman suna, wanzamin da askarsa ke ja ba ya daɗewa bai rasa gidaje ba. Hausawa na cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, to zafin nan yana ninkuwa idan askar ba ta sha dutse ba.

3.4 Askar Fatake

Kuskure ne a ɗauka cewa askar Turai ta shigo ƙasar Kano ne tare da mulkin mallaka. Baturen nan matafiyi ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a shekarar 1851, ya lissafa kayayyakin Turai da ake sayarwa a kasuwar birnin. Daga cikinsu ya ambaci ruwan takubba daga garin Solingen na Jamus, da allurai da madubai daga Nuremberg, da kuma asake daga lardin Styria na ƙasar Ostiriya. Waɗannan kaya suna ƙetaro Sahara ne a bayan raƙuma, su sauka a Kasuwar Kurmi, wadda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa.

Kudancin Kano ba ya nesa da wannan ciniki. Bebeji gari ne mai ganuwa a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zariya, kuma Hugh Clapperton ya bi ta cikinsa a shekarar 1826. Garin ya shahara da fataken goro masu zuwa Gwanja, kuma a nan ne aka haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a shekarar 1877. Garin da ayari ke sauka wuri ne na aikin wanzami, domin matafiyi yana bukatar aski da ƙaho bayan doguwar tafiya, kuma wuri ne da baƙon kaya ke fara bayyana.

Askar Turai an yi ta ne da ƙarfen da aka gasa aka tsoma a ruwa ya yi tauri. Tana riƙe kaifi fiye da ta tama, amma dutsen gida yana daɗewa kafin ya ci ta. Wato dai tun a ƙarni na 19 aka fara samun rashin daidaito tsakanin sabon ƙarfe da tsohon dutse. A Turai kanta an san wannan matsala, shi ya sa masu aski na can suke neman wasu duwatsu na musamman, kamar ruwan ɗorawar dutsen nan da ake haƙowa a yankin Vielsalm na ƙasar Beljiyam, da farin dutsen jihar Arkansas ta Amurka.

3.5 Zuwan Turawa da Dutsen Kanti

A farkon shekarar 1903 rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta yi karo da mutanen Bebeji, ta fasa ƙofar garin da igwa, sannan ta wuce ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. A shekarar 1911 kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, ta ratsa ta ƙasar Ƙiru. Wannan hanya ta yi wa sana'ar ƙira tasiri mai girma. Ƙarfen Turai da tarkacen ƙarafan jirgi, daga baya kuma na motoci, suka wadata a kasuwa da araha. Narkar da tama, wadda ke cin gawayi da ƙarfin mutane masu yawa, ta yi ta ja da baya har aka daina ta. Philip Jaggar, a littafinsa na shekarar 1994 a kan maƙeran birnin Kano, ya yi nazarin yadda maƙera suka sauya tsarin aikinsu a ƙarni na 20. Ga abin da ya shafi kayan yanka, tsohon zarto da sifirin mota su ne suka maye gurbin tama, domin ƙarfensu yana da kabon da yawa, yana kuma karɓar tauri.

A daidai wannan zamani ne kuma aka samu dutsen washi na masana'anta. A shekarar 1891 wani Ba'amurke mai suna Edward Acheson ya haɗa yumɓu da garin gawayi a cikin wutar lantarki mai tsananin zafi, ya samu wani sinadari mai tauri, wanda ya sa wa suna Carborundum. Masana suna kiran sa silikon kabaid, kuma taurinsa ya haura mataki na 9 a ma'aunin Mohs. Bayansa aka fara yin wani daga sinadarin alminiyam, wanda yake kan mataki na 9. Ana niƙa su, a tankaɗe ƙwayoyin gwargwadon girmansu, a cuɗa da abin da zai riƙe su, a gasa su su zama ɗan bulo. Wannan shi ne dutsen kanti da ake gani a rumfunan masu sayar da kayan gini da kayan ƙarfe, mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai ɗan laushi.

3.6 Kwatanta Dutsen Gida da na Kanti

Dutsen kanti ya fi na gida ta fuskoki uku. Na farko, yana da sauri, domin yana cin ƙarfe mai tauri ba tare da wahala ba, giɓin da zai ɗauki dogon lokaci a dutsen rafi yakan fita cikin ɗan lokaci. Na biyu, fuskarsa a shimfiɗe take, ƙwayoyinsa kuma girmansu ɗaya. Na uku, ana samun sa da kuɗi, ba sai an jira sa'a ko gado ba.

Amma yana da nasa aibin. Ana auna laushin dutsen masana'anta da lamba, idan lamba ta yi sama ƙwayoyin sun fi ƙanƙanta. Dutsen da ya fi yawa a kasuwanninmu lambarsa ba ta wuce ɗaruruwa ba, domin an yi shi ne don wuƙa da adda da kayan kafinta. Masu wasa askar aski a ƙasashen da ake yin duwatsu na musamman kuwa sukan kai lamba 8,000 kafin su gamsu. Saboda haka askar da aka tsaya da ita a kan dutsen kanti na kasuwa tana yanka, amma bakinta kamar na zarto yake idan aka duba da madubin ƙara girma, kuma fata tana jin haka. Bugu da ƙari, saurin cin ƙarfe yana rage wa aska kwana.

Wannan ya sa duwatsun biyu ba kishiyoyin juna ba ne a hannun wanda ya san aiki. Na kanti ya karɓi hawa na farko, wato gyaran baki. Na gida ya riƙe hawa na biyu, wato fitar da kaifi mai laushi. Fata da tafin hannu kuma suka zauna a matsayinsu. A duk hawan uku, ana bukatar hannun nan da ya san yadda ake kwantar da aska. Ke nan dutsen kanti ya rage wa wanzami gumi ne kawai, bai rage masa ilimi ba.

3.7 Zamanin Reza da Matsalar Lafiya

Canji na haƙiƙa ya zo ne daga wata hanya daban. A shekarar 1904 King Camp Gillette ya samu rajistar mallakar fasahar reza a Amurka, wato siririn ƙarfe da aka wasa a masana'anta, wanda ake jefarwa idan ya dakushe. A shekarar 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da reza marar tsatsa. Sannu a hankali reza ta kai kowane teburin mai tireda a ƙauye. Daga baya aka samu mariƙi mai naɗewa wanda ake sa wa rabin reza, ya yi aiki kamar aska. A gefe guda kuma shagunan aski masu kilifa da janareta suka janye samari.

Duk da haka, da araha ce kaɗai hujjar reza, da askar maƙera ta ci gaba da gogayya da ita. Abin da ya rinjayar da al'amarin shi ne cuta. A shekarar 1986 aka ba da rahoton samun cutar ƙanjamau karo na farko a Nijeriya, daga nan kuma ma'aikatan lafiya da gidajen rediyo suka shiga gargaɗi a kan amfani da abin yanka ɗaya ga mutane da yawa. Ciwon hanta nau'in B ya ma fi ƙanjamau saurin yaɗuwa ta hanyar jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayarsa tana iya rayuwa a wajen jikin mutum har kwana 7 ko fiye. Nijeriya ta shigar da allurar rigakafinsa cikin jerin alluran jarirai a shekarar 2004.

A nan ya wajaba a faɗi gaskiya game da washi. Dutse yana kawo kaifi, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Askar da ta taɓa jini, aka goga ta a jiƙaƙƙen dutse, aka kaɗa a tafin hannu, aka ɗora a kan wani, tana iya ɗaukar cuta daga gida zuwa gida, komai ƙwarewar mai ita. Saboda haka iyaye da dama suka koma sayen sabuwar reza su miƙa wa wanzami ranar suna ko ranar kaciya, wanzamai da yawa kuma suka karɓi wannan tsari. Hausawa na cewa wanzami ba ya son jarfa, amma a wannan karon sana'ar ce da kanta aka yi wa tsaga, kuma tsagar ta magani ce.

Hasarar da ta biyo baya ita ce ta ilimi. Yaron da ya koyi wanzanci da reza ba shi da dalilin sanin bambancin dutse da dutse, ko yadda ake gane kaifi da babban yatsa. Maƙeri ya rasa ɗaya daga cikin abokan cinikinsa na dindindin. Kuɗin da a da yake zagayawa tsakanin maƙeri da baduku da wanzami a cikin gari ɗaya, yanzu yana tafiya ne ga mai sayar da kayan masana'anta.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa tarihin washin aska a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa ya bi sawun tarihin ƙarfe ne. Lokacin da ƙarfe yake da taushi, dutsen rafi ya wadatar. Da ƙarfe mai tauri ya shigo, tun daga askar fatake ta ƙarni na 19 zuwa tarkacen jirgi da mota bayan 1911, sai dutsen kanti ya zo ya tallafa wa na gida. Da reza ta zo kuwa, sai bukatar dutsen ta kau gaba ɗaya ga mafi yawan ayyukan wanzami. Ba za a ce a koma wa aska ɗaya ga mutum goma ba, domin ran jariri ya fi kowace al'ada daraja. Amma wannan bai hana a adana ilimin ba. Dattawan wanzamai da sarakunan aska na waɗannan garuruwa suna nan da sauran duwatsun da suka gada, kuma sun san rafin da aka tsinto kowane ɗaya da sunan da suke kiran sa da shi. Ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'i da Gidan Makama na Kano su tattara waɗannan duwatsu da bayanansu tun masu su suna da rai. Babi na gaba zai duba dangantakar wanzami da maƙeri wajen ƙera askar ita kanta.